Amsa ga mai tambaya kan sa wa tsohuwar Hilux sulken ƙarfe

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana tayar da tsohuwar Hilux mai dizal, irin mai sifirin gaba da baya, za ka riƙa shiga da ita gonakin fadama tsakanin Haɗeja da Guri, kuma mai waldarka ya ba ka shawarar a shimfiɗa mata farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 tun daga gaba har baya, a haɗa mata bamba da fayif ɗin rijiyar burtsatse. Don Allah dakatar da shi tukuna, kada a yanka komai.

Matsalar farko nauyi ce. Farantin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, kowace milimita ɗaya ta kaurinsa kilo 7.85 ce. Cikakken faranti mai ƙafa 4 da ƙafa 8, in kaurinsa milimita 10 ne, ya haura kilo 230, wato fiye da buhu biyu na shanshera da motar za ta riƙa yawo da su ko babu kaya a bayanta. Sifirin zai kwanta, cikin motar ya ƙara kusantar ƙasa, burki ya rage kamawa, mai ya ƙara tafiya. Ƙasarku kuwa taɓo ce da damina, rairayi da rani, kuma a duka biyun mota mai nauyi ce ke fara kafewa. Abin da ke fasa mota a fadama ba dutse ba ne, kututture ne da ya ɓuya cikin ciyawa da kuma tudun tsakiyar hanya da manyan motoci da tarakta suka bari. Wannan ba ya bukatar milimita 10.

Kafin maganar sulke, a duba shasi. A wanke shi tas, a bi shi da guduma daga gaba zuwa baya, musamman wajen maratayan sifirin da ƙasan bayan gidan direba, inda laka ke kwana a ciki ta ci ƙarfen daga ciki. Inda guduma ta yi ƙara mai kauri ko ƙarfen ya lotsa, a yanke har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a cike da faci mai kauri daidai da na asali, sannan a ɗora wani faci a kai mai tsini a gefe biyu. Kada a yi layin walda a miƙe daga sama zuwa ƙasan shasi, nan yake tsagewa daga baya. Sulke mai ƙarfi a jikin ruɓaɓɓen shasi ba ya kare komai, ranar da ya bugi abu zai tsinko ne da naman shasin.

Wurare uku ne suka cancanci kariya a irin aikinka: ƙasan lagireto da kaskon baƙin mai, ƙasan giyabos da akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, sai tankin mai. Kowanne a yi masa farantinsa daban. Na gaba da na giyabos milimita 4 ya isa, na tanki milimita 3. Faranti mai santimita 60 da 80 a kaurin milimita 4 kilo 15 ne, mutum ɗaya zai sauke shi ya mayar. Irinsa a milimita 10 ya kusa kilo 38, kuma duk farantin da ya gagari mutum ɗaya saukewa, to ba za a ƙara sauke shi don wanki ba. Ka tuna aksul ɗin gaba na motarka hawa da sauka yake yi tare da tayoyi, don haka farantin da ke ɗaure a shasi kada ya shiga hanyarsa ko hanyar sandunan sitiyari da farfela. A ɗaga taya ɗaya da jak har sifirin ya danne sosai, a murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a ga inda komai ke kaiwa.

Ƙarfin faranti a lanƙwasa yake. A fara da kwali: a yanka, a naɗe, a gwada a jikin mota har ya zauna daidai, sannan a zana a kan ƙarfe. A lanƙwasa gefuna biyu sama kamar santimita 3, a tayar da bakin gaba a karkace yadda in ya gamu da kututture zai hau kansa ya zame maimakon ya toka. Ta ciki a walda angul mai milimita 40 guda biyu a tsaye, daga gaba zuwa baya. In babu injin lanƙwasa a kusa, kuma galibi a ƙauye babu, a ja layi da giranda har rabin kaurin ƙarfen, a lanƙwasa a kan layin, sannan a cike tsagin da walda. A bar tazarar santimita 2 tsakanin faranti da inji ko giyabos, domin suna zaune ne a kan roba, suna jijjiga. Tsakaninsa da salansa kada ta gaza santimita 5. A huda rami mai faɗin santimita 8 daidai notin juye baƙin mai, a kuma huda wasu a wurin da ya fi gangara don ruwa da laka su fita.

Kada a walda faranti a jikin shasi, komai saurin da ake yi. A ɗaure shi da ƙusoshi masu noti, M10 ko M12, wato masu kaurin milimita 10 ko 12, waɗanda aka buga lambar ƙarfi 8.8 a kansu. Wanda ba shi da lamba ko mai 4.6 na ƙofa da taga ne, zai miƙe ya tsinke. In za ka Kano, a Ƙofar Ruwa za ka samu farantin da ƙusoshin, amma ka tafi da ma'aunin kauri ka auna da hannunka, don abin da ake kira milimita 4 a baki sau da yawa bai kai ba. A nemi ramukan da kamfani ya riga ya huda a shasi a yi amfani da su. In dole sai an huda sabo, a huda a tsakiyar gefen shasi, ban da leɓen sama ko na ƙasa, kuma a zura guntun fayif mai kauri a ciki wanda ƙusar za ta bi ta cikinsa. In ba haka ba, ana ɗaure noti bangon shasin zai matse, bayan kwana kaɗan ƙusar ta saki. Ramin faranti ya ɗan fi ƙusa faɗi, milimita 12 ga M10, domin shasi yana murɗawa a hanya mai gargada. Kawunan ƙusoshin da ke kallon ƙasa a kewaye kowanne da zoben fayif, in ba haka ba ƙasa za ta goge su har sifana ta kasa kamawa.

Fayif ɗin gefe da ke kare ƙasan ƙofofi, a ganina kai ba ka bukatarsa. Na masu hawa duwatsun Rano, Doguwa da Riruwai ne, ko bayan Dutse da Birnin Kudu. Wanda zai yi, baƙin fayif mai faɗin milimita 50 da kaurin 3 zuwa 4, ƙafafu uku kowane gefe a ɗaure a shasi, da tazarar santimita 2 daga bodi.

Bamba kuma ita ce inda aka fi yin ɓarna. Fuskarta milimita 3, maɗauranta milimita 6 zuwa 8, duka kada ta wuce kilo 40. Bambar da ta fi shasi ƙarfi, in an yi karo ita za ta fita lafiya, ƙahonnin shasi su lanƙwashe, kuma gyaran wannan ya fi sayen lagireto tsada nesa ba kusa ba. Kada a rufe gaban lagireto da faranti; a watan Afrilu zafin Jigawa yana haura digiri 40, mota tana jan giya ta ɗaya cikin rairayi, iska kaɗan ce ke shiga dama. Raga mai manyan idanu ta wadatar. A lanƙwasa ƙarshen bambar baya, a goge duk wani kaifi da tsini, domin motar za ta ratsa kasuwannin ƙauye cikin yara da 'yan babur da dabbobi. Wurin ɗaura igiyar ja a yi shi da ƙarfe mai milimita 12, a ɗaure kai tsaye a shasi da M12 aƙalla biyu. Ƙugiyar da aka ɗiga da walda a fuskar bamba, in ta ɓalle lokacin da tarakta ke fizga, tana iya kashe mutum.

Wajen walda, a cire kan batir duka biyu, a maƙala wayar at ta injin walda, wadda ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da inda ake aiki, a sauke tankin mai gaba ɗaya in aikin ya matso kusa da shi. Fayif mai farin shafi, irin na ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, shi ya sa na ce baƙi. Sandar walda mai lamba 6013 da kaurin milimita 3.2 ta isa ga faranti, a wutar amfiya 90 zuwa 130. Maɗaurai da wurin ja sun fi son 7018, busasshiya, da janareta mai ƙarfin da zai narkar da ƙarfen sosai. Waldar da ta taru a sama kamar kashin kaji ba ta shiga ba. A fara ɗiɗɗigawa a gwada a mota, sannan a sauke a yi walda santimita 5 nan, santimita 5 can gefe, don kada zafi ya karkatar da farantin.

Bayan an gama a kankare, a shafa jan fenti na hana tsatsa sau biyu kafin baƙi, a shafa giris a zaren ƙusoshi. Bayan tafiyar farko mai nisa a sake bin notuna duka da sifana. Da kaka kuma, lokacin da ake ratsa gonaki, busasshiyar ciyawa da ƙaiƙayi suna taruwa a saman faranti kusa da salansa, kuma suna kamawa da wuta. A riƙa leƙawa ana zaro su kowace yamma, a sauke farantan a wanke lakar da ke kansu da zarar ruwa ya ɗauke.