Ga 'yar'uwar da aka ɗora wa laifin ɓatan fayil

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, kin ce watanki huɗu da fara aiki a ofishin jin daɗin jama'a, ke ce mai karɓar takardu da buga wasiƙu, fayil ya ɓata an ce ke ce, kina tambaya ko ki ajiye aikin. Wallahi ina gama karantawa na kife wayar na yi shiru, don kamar labarina kika ɗauko.

Kada ki ajiye. Amma ki ji abin da ya same ni.

A 2021 ne, lokacin da ake ta sallamar ma'aikata a jihar nan ta Kaduna, kowa na kwana da ido ɗaya. Wata baiwar Allah ta zo daga Tudun Jukun, tsohon mijinta ya daina ba da kuɗin ciyar da yara uku. Ni na buɗe mata fayil da hannuna, na saka takardar saki da fotokwafin takardun haihuwa, na kai teburin oga. Ban ce ya sa hannu ba, lokacin ina ganin rashin kunya ne. Ranar da aka kira mijin za a zauna, aka nemi fayil sama ko ƙasa aka rasa. Matar na kan benci da goyo, na biyun yana tsotsar ledar ruwa da ta riga ta ƙare. Oga ya fito, a gabanta, a gaban masinja, ya nuna ni da biro ya ce, "Irinku ne ake kora." Ya ba ni kwiri, wato takardar tuhuma, in amsa cikin awa 24. Na shiga sito na zazzage kabad uku, ƙura har cikin maƙogwaro, wasu fayilolin gara ta cinye gefensu, ban fito ba sai da aka kira magariba. Daga nan har Samaru kuka nake cikin hijabi a bas.

Bayan kwana tara direban oga ya shigo da fayil ɗin. A ƙarƙashin kujerar mota ya tsinto shi, har da tabon manja a bango. Ogan nan bai taɓa ce mini "yi haƙuri" ba, har aka yi masa canjin wurin aiki. Kwirin kuma ba wanda ya janye. Ba ma wannan ke ci mini rai ba kamar matar, sau uku tana dawowa da kuɗin motar aro, kuma ni take kallo a matsayin wadda ta wulaƙanta ta. Na yafe abubuwa da yawa, wannan kam har yanzu ina fama.

To ki shiga kasuwar Sabon Gari ki sayi littafi mai kaurin bango. Duk fayil ɗin da zai bar hannunki, a rubuta kwanan wata, lambar fayil, wanda ya karɓa, da sa hannunsa. Ko oga ne ki miƙa da ladabi, ki ce, "Ranka ya daɗe, don kada in manta ne." Zai ɓata rai sati ɗaya ya saba. Ki tuna ba a tabbatar da ke a aiki ba tukuna, sai kin cika shekara biyu, saboda haka duk abin da ya shiga fayil ɗinki yanzu zai bi ki har lokacin ƙarin girma.

Kuma don Allah ki riƙe amana. Zariya ƙarama ce, matar da ta yi kuka a teburinki yau, jibi kuna tabarma ɗaya a gidan suna. Kada ki ɗauki hoton takardun mutane a waya, kada ki kai labarin gida. Ki daina cewa "ki dawo gobe" idan kin san babu komai goben, tun da aka cire tallafin mai a 2023 zuwa ɗaya ma nauyi ne ga talaka. Mu kanmu rabin albashi a hanya yake tafiya, ni adashi ne ke rufa mini asiri, ki nemi na mutanen kirki ki shiga. In kuma aka kawo yarinyar da aka yi wa fyaɗe, kada ki tsayar da su jiran buɗe fayil, ki sanar da jami'in da ke kula da irin wannan ƙara, nan take a wuce da ita cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, takarda ta biyo baya.

Ba ki faɗa mana ba, kwirin a rubuce aka ba ki ko faɗa ne kawai da baki? In a rubuce ne ki amsa kafin lokaci ya cika, ki faɗi ranar da fayil ya bar hannunki da wanda kika ba, kada tsoro ya sa ki rubuta "na yi kuskure" alhali ba ki yi ba. Ki sa a buga miki hatimi a kwafinki ki adana a gida. In kina so, turo mini abin da kika rubuta ta akwatin sirri in duba miki yau da dare bayan isha'i.