Amsar Yaya kan littattafan kuɗi, zaman iyali da gyaran hali

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, da murya zan amsa, yatsuna ba za su iya rubuta wannan duka ba.

Ƙanena, na ga tambayarka tun da rana. Ka ce aure ya matso, albashi kuma ba ya kai ka ƙarshen wata, kana neman abin karantawa kan kuɗi da zaman iyali da gyaran hali. Na kuma ga an turo maka jerin littattafai har 25. Allah ya saka wa wanda ya turo da alheri, amma don Allah kada ka sauke su duka. Ni na yi haka. Akwai lokacin da wayata ta cika da littattafai sun fi 40, ina ta jin kaina wani masani, wallahi ko uku ban ƙarasa ba, kuma bashin da ake bi na bai ragu da ko kwabo ba.

To, littafin farko ba na sayarwa ba ne, kai za ka rubuta shi. Ka samu ɗan littafin rubutu, ko ka buɗe shafi a waya, tsawon kwana 30 duk abin da ya fita daga aljihunka ka rubuta, har kuɗin data, har ɗan abin da ka miƙa wa wani a hanya. Kada ka gyara komai tukuna, rubutu kawai. Ranar da ka zauna ka haɗa lissafin, kai da kanka za ka riƙe baki. Ni abin da na ɗauka shi ke cinye min kuɗi ashe ba shi ba ne, 'yan ƙananan nan ne da ba na ƙirgawa. Kuma kar ka ga kamar rubuta kuɗi ƙwauro ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

In ka yi wannan, sai ka ɗauki The Richest Man in Babylon na George Clason. Tsohon littafi ne, na 1926, kuma asalinsa 'yan ƙananan takardu ne da bankuna da kamfanonin inshora ke raba wa mutane a Amurka kafin a haɗa su wuri guda. Ɗan siriri ne, labarai ne kamar tatsuniya, sai dai Turancinsa na da ne, ka yi haƙuri da shafukan farko. Gundarin maganarsa: duk goma da ta shigo hannunka, ɗaya taka ce, ka cire ta kafin ka biya kowa. Amma ni wurin da ya fi zauna min shi ne labarin Arkad, wanda ya yi shekara yana tara kuɗinsa, sai ya damƙa wa mai yin tubali ya je ya sayo musu duwatsu masu daraja su yi kasuwanci. Mutumin ya dawo da fasassun gilasai, an damfare shi. Ina mai tubali ya san lu'ulu'u? Duk lokacin da wani ya zo maka da harkar da za ta ninka kuɗinka cikin wata biyu, ka fara tambayar kanka, shi wannan, sana'arsa ce? Da na karanta wannan da wuri, da akwai kuɗin da har yanzu suna hannuna. Bari dai in yi shiru.

Abu ɗaya fa, littafin yana ta yabon ba da rance da kuɗin ruwa. Wannan ka tsallake shi, ka san hukuncinsa. Dukkan littattafan nan da rariya ake karanta su. Maganar tanadi kuwa ai muna da ita tun a Suratu Yusuf: shekara bakwai na yalwa, a bar hatsi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, saboda bakwai masu tsanani da ke tafe.

Na gaba, kuma in da ɗaya tak za ka karanta to shi nake so, The Psychology of Money na Morgan Housel, ya fito a 2020. Ba ya koya maka inda za ka zuba jari. Halinka da kuɗi yake tonawa. A gabatarwarsa ya kawo labarin wani Ronald Read, mutumin jihar Vermont, ya yi aiki a gidan mai, daga baya ya koma shara a wani kanti. Ya rasu a 2014 yana da shekara 92, sai ga shi ya bar wajen dala miliyan 8, mafi yawa ya yi wasiyyarsu ga asibiti da ɗakin karatun garinsu. Bai ci caca ba, bai gaji kowa ba. Kaɗan-kaɗan yake sayen hannun jari yana barinsu shekaru aru-aru. Da yayyafi kogi kan cika, ka ji. Akwai kuma wata magana a ciki da ta sa na ajiye littafin na yi tagumi, cewa dukiyar gaskiya ita ce wadda ido ba ya gani. Motar da ka gani a titi shaida ce ta kuɗin da aka riga aka kashe, ba ta gaya maka abin da ya rage wa mai ita. Kai da za ka yi aure, wannan babin naka ne, don yanzu ne za a fara ce maka ai wane ma kaza ya yi.

Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, na 1997, na san shi kowa zai fara ambata maka. Ka ɗauki abu guda a ciki: bambancin kadarar da ke kawo maka kuɗi da kayan da ke ci maka kuɗi. Sauran, musamman zugar a ci bashi a sayi gidaje, da yadda yake sa mai albashi ya ji kamar ya yi asarar rayuwa, ni dai ban gamsu ba. Na ga samari sun raina aikin da ke ciyar da su bayan sun karanta shi.

Zaman iyali kuma. Ka nemi The Seven Principles for Making Marriage Work na John Gottman, 1999. Abin da ya sa na yarda da shi, mutumin ya yi shekaru a Jami'ar Washington yana kallon yadda ma'aurata ke magana da juna, yana bibiyar waɗanda suka zauna da waɗanda suka rabu. Ya ce abubuwa huɗu ke rusa gida: sukar halin mutum maimakon a faɗi laifin da ya yi, raini, kare kai a duk magana, da yin gum a ƙi kulawa. A cikinsu raini ya fi muni. Murguɗa baki, tsaki, kwaikwayon muryar mutum, duk suna ciki. Ya kuma gano cewa kashi 69 cikin 100 na saɓanin ma'aurata ba ya ƙarewa, iya zama da shi ake koya. Wannan ya sanyaya min rai ƙwarai, don da ina ganin mu kaɗai ne muke maimaita gardama ɗaya shekara da shekaru. Harshe da haƙori ma ai suna saɓawa. Kuma gardamar kuɗi tana cikin masu dawowa ɗin nan, shi ya sa nake so wancan littafin lissafin naka ka nuna wa amarya tun wuri. Ta san abin da ke shigowa, ta san abin da ake bin ka. Matan da ke cikin gurup ɗin nan su gyara min in na yi kuskure, amma mace ta fi iya haƙuri da babu a kan ɓoye-ɓoye.

Ka haɗa shi da Al-Adabul Mufrad na Imamu Bukhari, wanda ya fara da biyayya ga iyaye ya gangaro kan zumunci da maƙwabtaka, hadisi biyu ko uku bayan asuba sun isa. In kana da malami kusa, ku duba babin ladubban aure da na ladubban neman abinci a Ihya'u na Imamu Gazali. Na ce da malami, saboda akwai hadisai masu rauni a ciki, Hafiz Iraƙi ya bi su ya tantance.

Na gyaran hali ba zan ja ba, don yawancinsu magana ɗaya ce suke ta juyawa. Atomic Habits na James Clear, 2018, ya wadatar. Ka sa abin kirki ya zama mai sauƙin yi, marar kyau ya yi wuyar kaiwa, ka fara da ɗan ƙaramin da ba zai fi minti biyu ba. Kana karantawa za ka tuna hadisin nan na aikin da Allah ya fi so, wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ni abin da na yi da shi kawai, na sa banki ya riƙa cire kason ajiyata ranar da albashi ya shigo, kafin idona ya gan shi.

Kai, na ga har na haura minti takwas, Anti za ta ce na sake cika muku waya. Ƙanena, gobe ka fara rubutun nan. In kwana 30 sun cika ka kira ni mu duba tare, ba sai ka turo a gurup ba. Na Babila ɗin ina da shi na takarda, ka aiko a karɓa, amma a dawo min da shi, don wanda ya ari na Gottman yana cikin nan yana ji na, ba zan kama suna ba. Sai da safenku.