Amsa kan abin da mutanen Tonga suka fi buƙata bayan tsunami

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa agaji ya yi jinkirin isa Tonga, ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik, da ko tura tufafi zai taimaka.

Dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai ya yi aman wuta a ƙarƙashin teku ranar 15 ga Janairu 2022, gagarumar igiyar ruwa, wato tsunami, ta biyo baya. A tsibirin Mango ko gida ɗaya bai tsaya ba. Wayar intanet da ke ƙasan teku ta tsinke, aka shafe makonni biyar kafin a gyara ta. Toka kuwa ta lulluɓe titin saukar jirage na Fua'amotu, babban filin jirgin saman ƙasar, sai da mutane suka fito da tsintsiya da shebur suka share, sannan jiragen Niyu Zilan da Ostareliya suka sauka ranar 20 ga wata. Saboda tsoron korona, ajiye kaya kawai ake yi a juya.

Babbar damuwar a lokacin ita ce ruwan sha. Gidaje da dama ruwan sama suke tarawa daga rufi zuwa tanki, toka da ruwan gishiri suka gurɓata shi. Gonaki ma sun lalace.

Tufafi kam, a ganina, ka bari. Suna cika tashar jirgin ruwa ne ba a rarrabe ba. Kuɗi ta hannun Red Cross ya fi amfani, don a sayi abin tace ruwa, tantuna da iri.