Magini da birkila ba ɗaya ba ne

Ɗana, na ga tambayarka a kan dalilin da ya sa marigayi kakanka yake ɓata rai idan aka kira shi birkila, alhali kai a ganinka gini duk gini ne.

Kalmar magini daga gina ta fito, kuma Bahaushe yana gina rami, yana gina tukunya, yana gina ɗaki. Abin da ya haɗa ukun nan shi ne ƙasa, shi ya sa mai tukwane ma magini ake ce masa. Galibin kududdufan da kake gani a cikin birnin Zariya ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini. Birkila kuwa baƙuwar kalma ce da ta shigo tare da bulo da siminti, kuma aikinsa jera abin da wani ya buga.

Kakanka tun daga bakin rami aikinsa yake farawa. Na sha ganinsa ya damƙi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya ce wannan ba za ta riƙe soro ba, a sake wuri. Idan ta yi masa, sai a jiƙa ta, a zuba ciyawa, mu yara mu tattake har ƙafafunmu su yi tsami, a bar ta ta kwana biyu kafin a mulmula tubali. Azara ta giginya yake nema domin gara ba ta cika cinta ba, yaɓe kuma da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Sana'ar tana da sarautarta, wato Sarkin Magina, kuma a Zazzau ta kai matsayin da har unguwa ta ci sunan mai ita, wato unguwar Babban Gwani. Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ake kuma kira Muhammadu Durugu, shi ya gina Masallacin Juma'a na ƙofar fada a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da ƙasa da azara kawai, ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, wanda masana gini suka riƙa zuwa kallo daga nesa. Wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Ni dai ban ga laifin ƙasa ba, domin ginin ƙasa yana son a riƙa duba shi kafin kowace damina, masu wannan ido kuwa sun yi ƙaranci.

Idan ka zo hutu, ka tuna mini in kai ka zauren gidanmu na cikin birni, ka ɗaga kai ka ga ɗaurin guga, wato rufin da bakan gizo suke haɗuwa a tsakiyarsa, wanda kakanka ya yi da hannunsa.