Kafin na'urar gashi ta iso Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, na karanta tambayarka tun shekaranjiya, inda ka ce idan da za a samu kuɗi masu kauri, ko daga gwamnati ko daga ƴan asalin jihar nan mazauna waje, domin kula da masu ciwon daji a babban asibitin Damagaram, me ya kamata mu sa a gaba, kuma wace rawa jama'ar gari za su taka. Ka nuna cewa a ganinka na'urar gashi, wato wadda ke ƙona sankara da haske mai ƙarfi, ita ce ta fi cancanta, domin a hutar da mutanenmu zuwa Yamai. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne da ya ajiye alli, amma na yi jinyar yayata kusan shekara biyu a kan sankarar mama kafin Allah ya karɓi abarsa, saboda haka abin da zan faɗa daga tabarmar jinya na ɗebo shi.

Ina tare da kai a kan cewa tafiyar Yamai azaba ce. Kusan kilomita 900 ne, motar ta tashi tun kafin asuba, ta bi ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ba za a sauka ba sai dare ya yi, kuma duk wannan tafiya ana yin ta ne da mutumin da ko zama a kan kujera yana yi masa wuya. Amma inda muka rabu da kai shi ne, da na zauna na yi lissafin inda muka yi asarar Yaya, sai na ga ba a hanyar Yamai muka yi ta ba. Mun yi asararta ne tun a ƙauye, tun ba mu san akwai wani abu wai shi gashi ba.

Ta fara jin ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya, ba ya ciwo, ba ya hana ta daka ko zuwa rijiya, don haka ta ja bakinta ta yi shiru kusan shekara guda. Da abin ya girma, sai aka fara da abin da aka saba, aka yi shafe-shafe, aka sha saiwoyi, har wanzami ya yi sakiya. Duk wanda ya zo dubiya kuwa maganarsa ɗaya ce, wai daji ba ya son ƙarfe, idan aka yi masa allura ko aka sa wuƙa sai ya fantsama. Wannan magana ta kashe mana mutane da yawa, kuma na fahimci abin da ya sa take da ƙarfi, domin galibi ba a kai mutum asibiti sai ciwon ya riga ya ci jiki, idan ya rasu bayan aiki sai a ɗora laifin a kan wuƙa, a manta da watannin da aka ɓata a gida. Ko da aka kai ta wani ƙaramin ɗakin shan magani, ƙurji aka ce, aka ba ta ƙwayoyi na mako guda aka sallame ta. Ban ga laifin yaron da ya duba ta ba, domin ba a taɓa koya masa abin da zai lura da shi ba.

Da na ɗauko ta zuwa birni, likita ya duba ya ce sai an yanki ɗan nama an kai gwaji, domin ba a fara maganin sankara da zato. Har yau ina ganin kwalbar nan a idona. Ƴar ƙarama ce, an zuba ruwan da ke hana nama lalacewa, an manna takarda mai sunanta, ni kuwa na naɗe ta cikin baƙar leda na hau kabu-kabu zuwa tasha, na damƙa ta a hannun mai karɓar saƙo kamar wanda ke aika kilishi. Muka yi ta jira muna buga waya, mako ya bi mako, daga ƙarshe wurin gwajin, wanda ba zan kama sunansa ba, suka ce naman bai iso da kyau ba, sai an sake yanko wani. Kafin sakamako na biyu ya fito, ƙullutun ya fashe ya zama gyambo, hammata ta kumbura. Da a ranar da sakamakon ya fito akwai na'urar gashi a ƙofar gidanmu, da ta rage mata raɗaɗi, amma lokacin warkewa ya riga ya wuce.

Saboda haka idan ni aka tambaya, kuɗin farko ɗakin gwajin nama zan kai shi, a ƙarfafa shi da na'urori, da sinadaran da ba sa yankewa, da ƙwararren da zai zauna a nan ya karanta abin da ke ƙarƙashin madubi, ta yadda mace za ta san matsayinta cikin kwanaki. Daga nan sai horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya na Magarya, Matamai, Mirya, Gure da Tanut, domin su ne ke fara ganin matan. Sankarar bakin mahaifa, alal misali, ana iya gano alamunta tun ba ta zama sankara ba, ta hanyar shafa ruwan tsami irin na binegar a duba da fitila, a kuma kashe wurin a zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri a shekarar 2020 cewa kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na ƴan mata rigakafi kafin su kai shekara 15, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Mafi yawan wannan aiki a ƙananan asibitoci ake yin sa.

Ita na'urar kanta, ya kamata ƴan'uwa su san abin da take buƙata kafin mu yi ta kira a kawo. Ƙasar nan tamu ta Nijar ba ta samu wurin gashi na farko ba sai a shekarar 2021, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, bayan shekaru da dama ana shiri tare da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Abin da ke cin lokaci shi ne gina ɗaki mai kaurin bango da zai tare hasken, da tura likitoci da masana lissafin haske karatu a waje na shekaru, da samun masu gyara. Idan irin mai amfani da sinadarin kobalt ce, ƙarfinta yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da ƴan watanni, dole a tanadi kuɗin sauya shi. Idan kuwa irin ta zamani ce mai aiki da lantarki zalla, ba ta jure ɗaukewar wuta ko zafi. Dukanmu mun ga abin da ya faru a 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya aka kuma rufe iyaka, hanyar Kano da wasu ke bi neman magani ta toshe watanni. Na'urar da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan shekara ta tsaya saboda ƙaramin ƙarfe da babu mai sauyawa, ta fi rashinta ciwo, domin mutane za su sayar da gona su zo su tarar da ƙofa a rufe. Ban ce kada a nema ba. A nema, Damagaram ta cancanta, tun da har daga Diffa ake kawo mana majinyata. Amma a fara tura yaranmu karatun tun yau, a kuma rubuta kuɗin gyara da na wuta cikin lissafi tun ranar farko.

Sai ɓangare na biyu na tambayarka, wato rawar jama'a, wanda a nan ne nake ganin hannunmu zai kai ba tare da jiran kowa ba. Wanda bai taɓa kwana a harabar asibiti ba bai san cewa gari ne guda ba. Da la'asar za ka ga tabarmi a jere ƙarƙashin bedi, mata sun haɗa duwatsu uku suna hura wuta, wannan tana dama kunu, waccan tana wanke zanen majinyacinta a roba. Na ga Bafulatana da ba ta jin Hausa sosai, wata tsohuwa ƴar Zango ta zama bakinta a gaban likita, alhali ba su taɓa sanin juna ba. Na ga dattijo daga wajen Gure da guzurinsa ya ƙare, aka zagaya da kwano tsakanin masu jinya, waɗanda su ma a hannu suke, aka haɗa masa kuɗin magani. Wata da ke kusa da mu ita ta koya wa ƴar Yaya yadda ake wanke gyambon da rage warinsa, domin warin nan shi ke korar masu dubiya, kuma Yaya ta fi jin zafin gudun da ake yi mata a kan ciwon kansa. Wannan zumunci shi ke riƙe da majinyata, amma a kan ƙasa yake, cikin rana da sanyin hunturu.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan da muhimmanci shi ne, maganin sankara ba na yini ɗaya ba ne. Ƙarin ruwan da ake kira kimiyo, galibi duk mako uku ake yin sa, har zagaye da dama. Gashi kuwa ƴan mintoci ne a rana, amma kwana biyar a mako, makonni a jere. Sauran awoyin duka zaman jira ne, da ci, da sha, da wurin kwana. Gwamnati ta ayyana kula da sankarar mata kyauta tun 2007, kuma wannan abin a yaba ne, sai dai takardar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, kuma ranar da magani ya yanke, kantin magani za ka nufa da aljihunka. Mun fara kimiyo tare da mata da dama, amma daga zagaye na biyu zuwa na uku sai ka ga tabarma babu mai ita. Idan ka tambaya, a ce damina ta faɗi sun koma shuka, ko an sayar da akuyar ƙarshe, ko miji ya ce ta dawo haka nan. Gashin kai ya zube, jiki ya yi laushi, sai dangi su ce ai maganin ne ke kashe ta. Maganin da aka yanke a tsakiya, wahalarsa aka sha, amfaninsa bai samu ba.

A nan ne gidan saukar masu jinya ya shigo. Ɗakuna kaɗan kusa da asibiti, da tankin ruwa, tun da kowa ya san halin ruwa a garin nan, da bayan gida mai tsabta, da rumfar girki. Wannan bai fi ƙarfin attajiranmu ba, kuma sadaka ce mai gudana kamar gina masallaci. Matanmu da ke adashin biki za su iya ware wani abu domin kuɗin motar wadda ranar kimiyonta ta zo. Samarin da ke zaman fada suna shan shayi su rubuta sunayensu da rukunin jininsu, domin mai sankara yana yawan buƙatar jini, kuma sau biyu na yi yawo cikin dare ina neman wanda zai ba Yaya. Limamai kuma su yi wa maza magana a huɗuba, domin mace ba ta zuwa gwaji sai da izinin miji, kuma na san wadda aka saka bayan an cire mata mama. Labari irin wannan idan ya zagaya ƙauye, mata goma za su ɓoye nasu ƙullutun. Wanda ya fi kowa iya karya wannan tsoro ita ce matar da aka yi wa aiki da wuri ta warke, tana cikin gari tana sana'arta. Akwai su, amma kunya ta hana su magana, kuma ba wanda ya taɓa roƙonsu su yi.

Kada kuma mu manta da maza, domin sankarar hanta tana ɗaukar magidanta masu ƙarfi, kuma tushenta sau da yawa ciwon hanta nau'in B ne, tare da gubar da ke fitowa a gyaɗa da masara idan suka yi fumfuna a ajiya. Mu kuwa ƙasar gyaɗa ce.

Abu na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa a taro ba, shi ne maganin raɗaɗi. Da likitoci suka ce mana babu sauran abin yi sai sauƙaƙawa, muka dawo da Yaya gida. Dararen da muka samu morfin, ta yi barci, ta yi salla a zaune, ta yi wa jikokinta wasa. Dararen da ya yanke kuwa, maƙwabta ma ba su runtsa ba. Morfin ba magani ne mai tsada ba, abin da ake buƙata shi ne a tanade shi bisa doka, a koya wa ma'aikata ba da shi ba tare da tsoro ba, a kuma samu ma'aikacin jinya da zai riƙa leƙa irin waɗannan gidaje ko da sau ɗaya a mako. Da yawan waɗanda ke zuwa yanzu a wannan mataki suke zuwa, kuma haka za a ci gaba da gani har sai gwajin wuri ya kankama.

Malam, ina da littafin da na riƙa rubuta duk abin da muka kashe tun daga kwalbar farko har zuwa likkafani, kuma idan ka duba za ka ga mota, abinci da masauki sun kusa cin abin da magani ya ci. Idan za ku zauna a kan wannan magana, ka sanar da ni rana, zan zo da shi, zan kuma zo da ƴar Yaya, domin ita ta kwana a kan tabarmar fiye da ni, kuma ta fi ni sanin inda ya kamata a kafa tankin ruwan.