Amsa: an sake ganin ƙari bayan kansar nono

Hajiya, kin ce shekara shida da gama maganin kansar nono, yanzu hoto ya nuna ƙari a mahaifarki, kina tambaya ko tsohuwar ce ta dawo. Ba lallai ba ne, kuma hoto kaɗai ba ya raba gardama. Sai an ɗebi ɗan tsokar wurin an duba a ɗakin gwaji. In ƙwayoyin kansar nono ne suka yaɗu, da maganin kansar nono za a bi su. In sabuwa ce ta mahaifa, maganinta daban, kuma sau da yawa in an kama da wuri tiyata ke gamawa da ita. Ki faɗa wa likita in kin sha tamoxifen, ƙwayar da ake ba masu kansar nono don hana ta dawowa, don yana ƙara haɗarin kansar mahaifa, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Ranar da za ki asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, don Allah kada ki tafi da katin asibiti kawai. Ki haɗa sakamakon gwajin farko, da sunayen magungunan kemo (masu kashe ƙwayoyin kansa), da yawan zagayen da aka yi miki, da takardar gashin na'ura, wato ƙona kansa da haske. Jan ruwan kemon nan, doxorubicin, yana da iyakar da jiki ke ɗauka duk tsawon rai, in an wuce ta zuciya ke raunana, shi ya sa ake hoton zuciya kafin a sake ba da shi. Wurin da aka taɓa gasawa kuwa ba kasafai ake maimaita masa ba. In takardun sun ɓata, ki tura 'yarki asibitin farko ta nemo kwafi tun makon nan.