Tambaya da Amsa: Kofin da Aka Ɗauka Cikin Azumi

TAMBAYA: Ɗana yana buga ƙwallon kwando a makarantarsu, kuma duk sanda na ce ya rage atisaye a watan azumi, sai ya kawo mini labarin wani Musulmi da ya ci kofin jami'o'in Amurka da azumi a bakinsa. Da gaske ne, ko zancen yara ne?
Daga wani mahaifi a Agege, Legas.

AMSA: Malam, yaron bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai labarin ƙarshe ba. Wanda yake nufi shi ne Adama Sanogo, ɗan ƙasar Mali, wanda ya buga wa Jami'ar Konetikat a shekarar 2023 ƙarƙashin mai horarwa Dan Hurley. Ƙungiyar ta fara kakar da cin wasa 14 a jere, sannan ta yi ta shan kashi a watan Janairu har mutane suka fara cire rai, amma da aka shiga gasar ƙasa, wadda jami'o'i 68 suka fafata a cikinta bisa tsarin sili ɗaya ƙwale, sai ta cinye wasanninta shida, kowanne da tazarar da ba ta gaza maki 13 ba.

Huɗu na ƙarshe sun faɗo cikin Ramadan, Sanogo kuma bai ajiye azumi ba. Abin da yaron ya tsallake shi ne, wasan ƙarshe na ranar 3 ga Afrilu, wanda suka doke Jami'ar Jihar San Diyego da ci 76 da 59, sai bayan faɗuwar rana aka fara shi, wato an riga an sha ruwa. A nan Legas kuwa, ana tashi daga wasan ne mu muna shirin sahur. Sanogo ya ci maki 17 a daren, aka zaɓe shi gwarzo.

A birnin Hiyuston aka yi wasan, inda Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan ƙwallon kwando haifaffen Legas ɗin nan, ya yi jami'a. Olajuwon ya kai wasan ƙarshe na wannan gasa a 1983 da 1984, kofin kuwa bai zo hannunsa ba ko sau ɗaya.

A ganina, Malam, kada ka hana shi wasan. Ka dai tuna masa cewa Sanogo yana da likitoci da masu tsara masa abinci, kuma a cikin zaure mai sanyi yake wasa, ba a filin siminti cikin zafin Agege ba. Ku mayar da atisayen bayan buɗa-baki.